Daɓe da Katako a Tsohon Turanci

A ƙasar Kent, can kusurwar kudu maso gabashin Ingila, akwai wata gajeriyar doka da ake jingina wa sarakuna biyu, Hlothhere da ɗan ɗan'uwansa Eadric, waɗanda suka yi mulki tsakanin 673 da 686. Dokar ta ce idan mutum ya tarar da wani a wurin da ba nasu ba, ya kira shi mai rantsuwar ƙarya ko ya ci masa mutunci da baki, zai biya wanda ya zaga sule 6, ya biya sarki sule 12, sannan ya ba mai wurin sule 1. Wanda ya zare makami inda mutane ke zaune suna sha, ko bai ƙwarzani kowa ba, sai ya biya tara. In kuwa har jini ya zuba, sarki zai karɓi sule 50, ban da haƙƙin mai wurin. Sunan kuɗin shi ne ya gangaro har ya zama sulen da kakanninmu suka kashe a zamanin Turawa, amma nauyinsu ba ɗaya ba ne: a cikin wannan dokar, diyyar ɗa wanda ba basarake ba sule 100 ce. Wato wanda ya ɓata wurin wani da jini ya ci tarar rabin ran mutum.

Wurin nan da nake ta ambata, sunan da dokar ta sa masa shi ne *flet*. Mutanen suna da *hus*, gida, suna da *heall*, babban zaure, amma mai tsara dokar ya tsallake su ya ɗauki *flet*, wato daɓe, shimfiɗaɗɗiyar ƙasar da ake takawa a cikin ɗaki. A bakin dokar, mai gida shi ne mai daɓe, kuma daɓen ne jini ke ɓatawa. Bayan kimanin shekara 200, Sarki Alfred na Wessex, wanda ya yi mulki daga 871 zuwa 899, ya sake kawo maganar a nasa kundin: wanda ya yi faɗa a kan daɓen talaka zai biya talakan sule 6, in ya zare makami ne kawai bai yi faɗan ba, rabin haka. Laifin har suna gare shi, *fletgefeoht*, faɗan kan daɓe.

Harshen da ake wannan magana da shi shi ne wanda masana ke kira Tsohon Turanci, da aka yi a Ingila daga wajen shekara ta 450 zuwa 1150. Baturen yau ba ya iya karanta shi sai ya zauna ya koya, kamar baƙon harshe. Duk abin da ya rage a rubuce bai wuce kalmomi kimanin miliyan 3 ba, wa'azi da dokoki da tarihi da magunguna da 'yan waƙoƙi. Wanda ya bi kalmomin shimfiɗa da faɗi a cikin wannan ragowar zai ga wani abu da ni dai ya daɗe yana taɓa ni: kusan duk inda suka ambaci abu shimfiɗaɗɗe, da girmamawa suke ambatonsa. Gida ne, ko kariya, ko adalci, ko aljanna.

Dalilin ba ɓoyayye ba ne ga wanda ya taɓa ganin ana daɓe a ƙauye kafin siminti ya zo. Mata ke taruwa, a zuba tsakuwa, a yayyafa ruwa, a jeru da madaɓai ana bugu ana waƙa tun hantsi har la'asar, a bi da makuba domin ya yi ƙarfi. Ƙasa ba ta kwanciya lebur don kanta. Sai an sa ta. Wanda ya san wannan wahalar ba zai yi mamakin mutanen da suka kira dukan gida da sunan daɓensa ba.

A waƙoƙinsu kalmar ta ƙara nauyi. *Beowulf*, doguwar waƙarsu mai layi 3,182, wadda ta tsira a kwafi ɗaya tak da aka rubuta wajen shekara ta 1000, kuma wuta ta lashi gefensa a gobarar 1731, tana kiran jama'ar sarki *fletsittende*, mazauna daɓe, tana kiran mayaƙansa *fletwerod*, rundunar daɓe. A irin wannan zauren ake ci, ake sha, ake raba kyautar zobba da takubba, ake ɗaukar alkawari, in dare ya yi kuma a kau da kujeru a yi shimfiɗa a kwanta. Masu tonon tarihi sun gano sawun irinsa a Yeavering, arewacin Ingila, na ƙarni na 7, tsawonsa ya haura mita 20, dukansa da katako aka gina shi. A wata waƙa ta tsohon kundin waƙoƙin da ake kira Littafin Exeter, wadda wani da ya rasa ubangidansa da abokansa yake kuka da kaɗaici, da aka zo faɗin yadda jarumawa suka mutu farat ɗaya, sai aka ce sun bar daɓe. Rayuwa ita ce samun wurin zama a kan shimfiɗa ɗaya da mutanenka, mutuwa kuwa tashi ce daga kai. Ban san wata hanyar faɗin mutuwa da ta fi wannan nuna cewa mutum da jama'a yake mutum ba.

Daga daɓe sai katako. A nan ma sai an tuna yadda ake samunsa. Katakan zamanin da aka tono a bakin kogin Thames a Landan sun nuna cewa masassaƙansu ba da zarto suke yanka gungume ba. Tsaga shi suke yi a tsaye, suna kafa turaku a cikin tsagar suna bugawa har ya rabe, sannan su bi kowane ɓari da gatari suna sassaƙa har ya kwanta. Fale ɗaya mai kyau aikin gwani ne. Jirgin ruwan da aka tono a Sutton Hoo a 1939, wanda aka binne wani babban basarake a cikinsa a farkon ƙarni na 7, tsawonsa mita 27. Katakonsa ya ruɓe sarai, sai sawunsa a cikin yashi da jerin ƙusoshin ƙarfe, amma sawun ya isa ya nuna yawan falankin da hannu ya sassaƙa.

Saboda haka suna da kalmomin katako fiye da ɗaya, kowace da aikinta. Akwai *þel*, falankin da ake shimfiɗawa a taka. Harafin farkon nan sautinsa irin na ث ɗin Larabci ne. Ita ce ta bar sunanta a garin Theale kusa da Reading da ƙauyen Thelbridge a Devon, gadar falanki. Akwai *bred*, ƙaramin allo, wanda Jamusawa har yau suke riƙe da ɗan'uwansa *Brett*. Allon rubutu, da ake shafe wa kakin zuma a zana harufa da tsinke, *weaxbred* ne. Sai babbarsu, *bord*. A bakin mawaƙa *bord* garkuwa ce, domin garkuwarsu faifan katako ce mai cibiyar ƙarfe. In mayaƙa suka jeru kafaɗa da kafaɗa suka haɗa garkuwoyi, sun yi *bordweall*, katangar katako, kalmar da ta fito a waƙoƙin yaƙin Brunanburh na 937 da na Maldon na 991. A bakin matuƙa kuwa *bord* gefen jirgi ne. Wani ɗan kasuwar Norwe mai suna Ohthere ya zo fadar Alfred ya ba da labarin yadda ya bi gaɓar ƙasarsu ya yi arewa har ya zagaya ƙarshenta, aka rubuta cewa ƙasa tana *steorbord* ɗinsa, buɗaɗɗen teku yana *bæcbord*. Na farko shi ne gefen dama, inda ake ɗaure babban filafilin tuƙi. Na biyu hagu, gefen da matuƙi ke ba baya. Matuƙan jiragen ruwa na duniya har yau da jikar kalmar farko suke kiran dama, alhali filafilin ya ɓace tun ɗaruruwan shekaru. Daga baya *bord* ya zama teburin cin abinci, daga tebur ya zama abincin kansa, shi ya sa makarantar kwana da ake ciyar da ɗalibai ta zama ta bodin. Ya kuma zama mutanen da ke zama kewaye da tebur suna yanke shawarar kamfani.

Wadda ta fi burge ni a dangin nan ita ce *handbred*, allon hannu. Haka suke kiran tafin hannu. Mutumin da ya fara faɗin haka ya buɗe hannunsa ne ya duba, ya ga abin da ya fi kama da shi a duniyarsa shi ne allon da masassaƙi ya gyara.

Suna da wata kalmar ta tafin hannu, ta mawaƙa, *folm*. Da ita aka kira hannun Grendel, dodon da Beowulf ya fizge wa kafaɗa aka rataye a zauren sarki kowa ya gani. Kalmar nan ƙofa ce ta shiga wani babban gida. A 1818 Rasmus Rask na Denmak, sannan Jacob Grimm na Jamus a 1822, suka nuna cewa inda Latin da Girkanci suke da sautin p a farkon kalma, Turanci da Jamusanci da 'yan'uwansu f suke da shi: *pater* da *fæder*, uba, *piscis* da *fisc*, kifi. A kan wannan ƙa'ida *folm* da *palma* ta Latin uwarsu ɗaya. Da aka bi sawu sai dangin suka yi ta fitowa, duk daga tsohon tushe mai ma'anar bajewa da faɗi: *flor*, wani sunan daɓe, wanda ya rayu har yau, *feld*, fili, *folde*, ƙasa, duniyar da ake takawa, wadda 'yar'uwarta a harshen Sanskirit na Indiya ita ce *prithivi*, mai faɗi, sunan da suke ba duniya. Ta ɓangaren Girkanci da Latin kuma aka sami *platys* da *planus*, waɗanda jikokinsu suka ratso Faransanci suka shiga Turanci, wasu har suka iso bakinmu: farantin da muke cin abinci a kai da sunan Jihar Filato duk 'yan gidan ne. Ita *folm* kuwa ta mutu. Bayan Normandawa masu magana da Faransanci sun ci Ingila a 1066, 'yar'uwarta ta Faransanci ta shigo ta zauna a gurbinta, ba wanda ya san dangi ne sai bayan ɗaruruwan shekaru.

Akwai wata da ba ta cikin wannan dangi amma ta fi su tafiya nesa a ma'ana, wato *efen*, daidai, wanda ba tudu ba kwari. Filin da ya kwanta *emnet* ne, daga gare ta. Amma malamansu sun ɗora mata kaya masu yawa. *Efenniht* ranar da dare da yini suke daidaita a Maris da Satumba. *Efeneald* tsara, sa'a. *Efenwyrhta* abokin aiki. *Efnes* adalci, inda ba a ɗaga wani an danne wani ba. Da suka zo fassara kalmar Latin ta tausayi, sai suka ƙera *efenþrowung*, shan wahala daidai da wani. Ina ganin wannan ƙira ta fi wadda ta gaje ta gaskiya. Akwai tausayin da ake yi daga sama, mai ba da sadaka yana kallon ƙasa. *Efenþrowung* ba ta bar wa wannan ƙofa ba, sai ka sauko kun tsaya a kan ƙasa ɗaya. Turancin yau ya riƙe *even* amma ya zubar da kusan duk waɗannan 'ya'yan nata, ya ari na Latin da Girkanci a madadinsu, waɗanda mai magana ba ya ganin abin da ke cikinsu.

Har kifi sun sa wa suna ta siffarsa. *Floc* kifin teku ne mai kwanciya a kan yashi, baje kamar ganye, wanda ake ƙyanƙyashe shi da ido ɗaya a kowane gefe kamar sauran kifaye, yana girma ido ɗaya ya yi ƙaura ya koma wajen ɗan'uwansa. Sunan ya fito a jerin abin da masunci ke kamawa a littafin hirar koyon Latin da malami Ælfric ya shirya wa yara wajen shekara ta 1000. Daga baya aka ba tsutsar hantar tumaki da shanu sunan, saboda kamarsu ɗaya, kuma da shi likitocin dabbobi ke kiranta har gobe.

Mai karatu da ya san Turanci zai lura cewa kalmar da zai fara kawowa a wannan fage, *flat*, ba ta fito ba tukuna. Babu ita a Tsohon Turanci. Ta mutanen Sikandinebiya ce, *flatr*, waɗanda suka fara da kai hari a tsibirin Lindisfarne a 793, suka dawo da babbar runduna a 865, suka zauna a arewaci da gabashin Ingila suna noma suna auratayya. Su ne suka ba Turanci kalmominsa na yau na ƙwai da fatar jiki da taga. Ita *flat* ba ta bayyana a rubuce ba sai farkon ƙarni na 14, ma'ana ta yi ɗaruruwan shekaru tana yawo a bakin manoma da masunta kafin alƙalami ya kula ta. A wannan zamanin ne kuma *plain* da *level* suka shigo daga Faransanci, ta biyun daga sunan ɗan ma'aunin magina na Latin, ita ce tamu lebur.

Baƙuwar ta yi abin da 'yan gida ba su yi ba: ta cire siffar daga jikin abin. *Flet* daɓe ne, *bord* katako, *folm* hannu, *feld* fili, kowanne ana iya taɓa shi. *Flat* kuwa tana hawa kan komai, kuma dubi inda ta ƙare. A Turancin yau da ita ake faɗin tayar da ta sace, batirin da ya mutu, lemon kwalbar da ya salamce, muryar da ba ta da armashi, kasuwar da ba ta motsi, labarin da bai yi daɗi ba. Ba na ɗora wa kalmar laifi. Abin da ya canza shi ne tsadar abin. Injin yanka katako ya zo, takarda ta yi arha, siminti ya game duniya, a 1959 kamfanin Pilkington ya bayyana hanyar zuba narkakken gilashi a kan narkakken kuza ya fito sumul ba tare da an goge shi ba. Abin da da sai gwani ya wuni a kansa ya zama abin da ido ke gani ko'ina, daga bango har fuskar waya, kuma ɗan Adam ba ya girmama abin da bai sha wuyarsa ba. Tsohuwar *flet* ta tsira ne ta hanya ɗaya: mutanen Sikotland sun riƙe ta da ma'anar hawa ɗaya na gida, a farkon ƙarni na 19 ta rikiɗe ta ɗauki kamar baƙuwar, ta zama filat ɗin da ake haya a birane.

A waje da gida ma idon masu Tsohon Turanci haka yake. *Feld* a farko buɗaɗɗiyar ƙasa ce, kishiyar kurmi, kafin ta zama gona mai shinge. Tana nan a wutsiyar Sheffield da Wakefield da Lichfield. Tsohuwar kasuwar nama ta Landan, Smithfield, mutane da yawa suna zaton sunan maƙera ta ɗauka, alhali daga *smeþe feld* ne, fili mai laushin taku, inda a ƙarni na 12 ake cin kasuwar dawakai duk Juma'a. Masaniyar sunayen wurare Margaret Gelling, tare da Ann Cole, ta yi shekaru tana zuwa wuraren da ƙafarta tana gwada suna da ƙasa, ta nuna cewa gomman kalmominsu na tudu ba maimaici ba ne, kowace siffa take nufi. *Dun* tudu ne marar tsayi sosai mai shimfiɗaɗɗen kai da za a iya kafa gari a bisansa, kamar a Swindon. *Ofer* doguwar tunga ce mai lebur ɗin baya da kafaɗa mai lanƙwasa. Matafiyin da ba shi da taswira, sunan gari ne ke gaya masa abin da zai hango.

Sai *wang*, fili mai ciyawa da ya kwanta ya buɗe. Da ita suka gina sunan aljanna, *neorxnawang*, kalmar da masana suka daɗe suna gardamar rabinta na farko, amma rabin ƙarshe a fili yake. Waƙar tsuntsun almara Finiks da ke Littafin Exeter ta siffanta wannan aljanna ta hanyar lissafa abin da babu a cikinta: ba duwatsu, ba tsaunuka masu tsayi, ba kwazazzabai, ba koguna masu duhu a jikin dutse. Turawan ƙarni na 19 sun riƙa tafiya tsaunukan Alps domin neman kyan halitta. Kakanninsu na shekara 1000 da suka wuce da ƙafa suke tafiya, da shanu suke huɗa, kuma wurin da suke fatan Allah ya kai su shi ne inda garma za ta wuce ba ta ci karo da komai ba.

Duk da haka akwai wurin da ya hana a ce shimfiɗa kawai suke so. Ƙasar da ta fi kowace kwanciya a Ingila ita ce ta gabas, tsakanin Cambridge da Lincoln, kuma ba su kira ta *wang* ba. *Fenn* suka ce, ƙasar taɓo da ruwa da hazo, kuma tsoronta suke ji. Daga irin wannan wuri Grendel ke fitowa da dare. Da Guthlac, wani basaraken mayaƙi da ya tuba ya zama mai ibada, ya nemi wurin halwa mafi tsanani, tsibirin Crowland da ke tsakiyar taɓon ya zaɓa, ya zauna har rasuwarsa a 714, kuma marubucin tarihinsa Felix ya cika littafin da labarin aljanun da suka addabe shi a can. Ido yana ganin wurin lebur, ƙafa kuwa in ta taka sai ta nutse. Ashe abin da kalmominsu ke yabo shi ne shimfiɗar da ke ɗaukar nauyin mutum, wadda za a tsaya a kai, a kwanta, a yi huɗa, a tare mashi. Ƙafa da hannu ne alƙalansu kafin ido.

A ƙarni na 17 aka ɗauko injiniya Cornelius Vermuyden, mutumin Holan, aka haƙa dogayen magudanai miƙaƙƙu aka janye ruwan, aka sa wa yankin sabon suna da baƙuwar kalma, Bedford Level. Ƙasar ta zama gona mai albarka ƙwarai, tana cikin mafi kyau a Ingila. Sai dai ƙasar wurin ruɓaɓɓun ciyayi ce da suka danƙare shekaru dubbai a cikin ruwa, kuma da ta bushe sai ta fara motsewa, iska na kwashe ta. A 1851, lokacin da ake zuƙe tafkin Whittlesey, aka kafa ginshiƙin ƙarfe a Holme aka nutsa shi har kansa ya yi daidai da ƙasa, domin a auna saukarta. Yau ginshiƙin ya fito waje da kimanin mita 4, yankin ya koma ƙasa da matakin teku da kusan mita 3, koguna suna gudana a bisa gonaki tsakanin ganuwar ƙasa, kuma injunan jan ruwa ne ke hana taɓon dawowa.